Motar Ɗaga Kaya a Siton Taki

Ina 'yar shekara tara na kai wa Baba abincin rana a siton takin zamani da yake dako a Jega. Na same shi ba buhu a kansa, yana kallon wata ƙaramar mota mai yatsun ƙarfe biyu tana ɗaga buhu ashirin a tashi ɗaya.

Ya tambayi direban, "Malam, mi taka ci?"

Direban ya nuna tukunyar gas da ke kwance bayan kujerarsa. Ya ce gas ɗin ruwa ne a ciki, sai ya bi tiyo ya zama iska, inji ya ƙona shi ya tura man da ke ɗaga yatsun.

Baba ya kama hannuna ya ɗora a tukunyar. Sanyi ƙalau, jikinta duk raɓa.

Ya yi murmushi ya ce mata, "Ashe ke ma kina zufa."

Muka zauna a inuwa, ya cinye tuwonsa, ya ɗauki kwanon muka tafi gida tun kafin la'asar. Murna na yi ta yi a hanya. Sai da na girma Inna ta gaya mini a ranar aka sallame shi.