Matakala Sittin da Huɗu

"Lif ɗin ya lalace, Hajiya, sai dai mu taka," in ji Mai Kunne, yana nuna wa matar matakala.

Lafiyar lif ƙalau. Shekara goma sha tara ke nan yana sharara wannan ƙaryar a kamfanin inshorar rai da yake wa wakilci. Ofishinsa yana hawa na huɗu, matakala sittin da huɗu daga ƙasa, kuma duk mai son sayen inshora sai ya taka su tare da shi. Yana tafe yana jan mutum da hira, kunnensa na kan numfashi. Fom yana karɓar ƙarya, takardar likita ma ana sayenta, amma ƙirji ba ya ɓoye abin da ke cikinsa a hawa na uku. Wanda ya ji yana haki sai ya ba shi ruwa mai sanyi, ya ce za a neme shi, shi ke nan. A cikin waɗanda ya sa wa hannu babu wanda ya taɓa mutuwa da wuri ya jawo wa kamfani asara. Daga nan abokan aiki suka laƙaba masa sunan.

Sai dai makon nan hankalinsa ba a kwance yake ba. Sabon manaja ya sanar cewa hedkwata za ta turo masu bincike a ɓoye, su zo kamar masu saye, wakilin da aka kama yana wasa da ƙa'ida kuwa ya tattara nasa ya nasa. Mai Kunne ba shi da gona, ba shi da shago. Aikin nan shi ne cin gidansa, shi ne makarantar 'yan biyunsa. Ko inshorar da yake tallatawa bai taɓa saya wa kansa ba. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta yi mita har ta gaji, kwanan nan ma ta daina ɗaga zancen. Sai dai ta ƙara masa matashin kai, ta zauna tana kallonsa.

Matar da ta zo yau ba ta yi gardama ba. Ta gyara jakarta a kafaɗa ta bi shi.

A kwanar farko ya tsaya don ya saurare ta da kyau. Shiru. Numfashinta a daidaice kamar mai zaune a kujera. Ya sunkuya ya sassauta igiyar takalminsa yana tsine wa wanda ya sayar masa, takalmin da bai yi wata biyu ba har ya fara matse ƙafa. Da ya ɗago sai ya ga idonta a kan idon sawunsa.

A hawa na biyu ta jefo masa tambaya doguwa, irin wadda ba a amsawa da kalma ɗaya. Ta ce ya bayyana mata dalla-dalla abin da iyali ke samu in mai gida ya rasu. Ya fara bayani, sai ya farga. Wannan dabararsa ce. Daidai wannan wurin shi ma yake sa mutane dogon zance. Wanda ba ɗan cikin sana'a ba ina zai san haka?

To, ta tabbata, hedkwata ce ta turo ta. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda rabonsa da shi tun yana sabon ɗauka. Ya tsaya a kwana ta biyu yana laluben mabuɗi a aljihu. A ta uku ya dafa ƙarfe ya nuna mata gari ta taga, yana neman yadda zai gyara ɓarnar ƙaryar lif ɗin. Ba ta kalli tagar ba.

A ofis ya zuba mata ladabi. Ya karanta mata sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya bai tsallake ko layi ba, gumi na bin wuyan rigarsa duk da fanka na juyawa. Ya ce mata maganar lif kuskure ne, ashe an gyara tun jiya. Ta ce ba komai. Da ya miƙa mata biro ba ta karɓa nan take ba, ta ɗan tsaya tana duban faratansa. Sannan ta tura masa kofin ruwan da ya ajiye mata.

"Sha, Malam. Ka fi ni bukata."

Ba ta sa hannu ba. Ta ce za ta neme shi, ta miƙe, ta ce da ƙafa za ta sauka.

Mai Kunne ya bari ta yi nisa, ya lallaɓa ya tsaya a bakin matakalar. Ramin benen yana kwaso murya daga ƙasa ya kawo sama tar, kuma mutane kan ɗauki waya da zarar sun ga sun fita. Yana so ya ji da kunnensa ko yau ce ranarsa ta ƙarshe a kamfanin. Ya ji takunta yana sauka, ya ji ya tsaya, ya ji ta yi sallama a waya. Muryarta ta yi laushi, ba irin ta mai kai rahoto ba.

"Na gan shi, kamar yadda kika roƙa. Ki yi haƙuri, Maman 'Yan Biyu, kada ma ki yi masa maganar inshorar. Kamfaninmu ba zai karɓi mijinki ba. Sau uku ya tsaya kafin mu kai sama, kuma wallahi ban ga alamar zai kai baɗi ba."