Hannun Iya

"Ba haka Rilwanu yake sallama ba," in ji Mamman tela. "Sake."

Mutumin ya sake, gumi na keto masa duk da sanyin Disamba. A zauren gidan Iya da ke Ƙofar Jatau suke, kuma tun hantsi Mamman ke koya masa yadda ake zama Rilwanu, jikan Iya: jan sallama, dariya ta hanci, da yadda yake ce wa tsohuwar "amaryata".

Al'adar gidan ce, duk hutun ƙarshen shekara zuriyar Iya kan taru daga Kaduna, Abuja, har Legas. A dafa faten tsaki a babbar tukunya, amma ba mai ɗanɗanawa sai an yi layi. Iya, da idonta ya daɗe da rufewa, ta shafa fuskar kowa, ta faɗi sunansa, ta ce ta yafe masa duniya da lahira. 'Yan gidan har alfahari suke yi wai ba ta taɓa kuskure ba.

Bana kuwa likita ya raɗa wa manya cewa da wuya ta ga wani hutun.

"In ta ja kunnenka, ka yi ƙara. In ta tambayi ƙafa, ka ce ta warke."

"Wace ƙafar?"

"Wadda babur ya taka bara. Yallaɓai, ka riƙa riƙe abu mana."

Gemun da mutumin ya sha wahalar tarawa tuni ya bar shi a wajen wanzami. Ya cire agogo, ya wanke turare, ya sa wata tsohuwar riga da Mamman ya miƙo masa. Ya ɓalla maɓallan.

"Mamman, in ta ƙi ni fa?"

Lami, babbar jikar Iya, ta leƙo ta ce layi ya ƙare, saura Rilwanu. Ko kallon mutumin ba ta yi ba.

Ya ratsa tsakar gida cike da jama'a, kowa ya zuba masa ido. A ƙofar ɗakin ya sunkuyar da kai tun kafin a ce masa gajeriya ce. Ya durƙusa, ya ja sallama, ya ce amaryata, ya yi dariya ta hanci. Ko Mamman da ke laɓe sai da ya gyaɗa kai.

Yatsun Iya suka bi goshinsa, suka sauko kumatu, suka daɗe a haɓa.

"Yaro, kana da ladabi," ta ce. "Amma kai ba nawa ba ne. Lami, a ba baƙo fate. Ina Rilwanu?"

Ya riƙe ƙafarta. "Iya, ni ne. Wallahi ni ne. Ki ƙara shafawa."

"Kada ka yi rantsuwa a kan fate, za a ba ka."

Numfashinta ya fara sama-sama. Lami ta juya ta yafito Mamman. Yana durƙusawa, yatsa ɗaya ya isa.

"Ja'iri, sai yanzu? Ya ƙafar?" Ta ja kunnensa, ta yafe masa duniya da lahira.

Wancan kuwa ya koma zaure da kwano a hannu, ya kasa kai ko cokali ɗaya baki: Rilwanu na gaskiya, wanda Iya ta goya a bayanta, wanda tun shekarar da idonta ya rufe yake tura Mamman ya tsaya masa a layi.