Gindin Tsamiyar Iya Kande

Tun da Hukumar Damina ta fara ƙera shamuwoyinta na inji, ita ke sako su don a san lokacin shuka ya yi. Bana da hantsi suka iso a jere, suka sauka kan tsamiyar ƙofar gidan Iya Kande.

Ɗanta Tanimu ya fito da ƙwaryar iri. "Iya, shamuwa ta sauka, kowa ya nufi gona."

Tsohuwar ba ta ɗaga kai ba, ƙasa take dubawa. Tun tana amarya take share kashin shamuwa a nan tana tsaki. Yau wurin fes yake.

"Mayar da irin nan. Tsuntsun da bai ci farar kudu ba, ina ya ga ruwa?"

"In muka makara fa, Iya?"

"In ka binne ɗan geron da ya rage mana a busasshiyar ƙasa fa?"

Da la'asar wata shamuwa ta iso, ramammiya, gashi a yamutse, ta raɓa a ƙarshen reshe. Sauran ko motsi ba su yi ba. Can sai ga farin kashi a kafaɗar Tanimu.

Iya ta yi dariya. "Ɗauko irin."

Sannan ta juya kudu, ta daɗe tana jiran shamuwa mai rai ta biyu.