Mai Tukwane a Gindin Katangar Asibiti

Zauna, 'yar nan, in ba ki misali, tunda na ga kina ta nuƙu-nuƙu da maganar da ya kamata ki fito da ita fili. An yi wata mai ginin tukwane a wani ƙauye, mace mai hannu, wadda in ruwa ya kwana a randarta sai ya kama haƙori don sanyi. Ita dai damuwarta kwanika: goyo bai iya zama ba, wani cikin ya shiga. A haihuwa ta huɗu jini ya ɓalle mata har aka fara salati a kanta, Allah ya yi da sauran shan ruwa. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, don ta san in ta maimaita haka yaran nan maraici za su yi. Ba ƙin haihuwa take yi ba, hutu take so. To amma wa za ta gaya wa? Maigida? Ina, kunya ba za ta bari ba. Tana farfaɗowa ta raɗa wa ungozoma ta binne mabiyiya a kife, wai an ce haka ke tsayar da haihuwa. Ta ɗaura guru a ƙugu, ta sha saiwa mai ɗaci har hanji ya murɗe. Duk a banza. Yarinyar da ta haifa ba ta yi haƙori ba ciki ya sake shiga, aka cire ta daga nono ta rame, cikin kuma ya zube, ya bar uwar ko yumɓu ba ta iya kwaɓawa sai ta huta.

Abin da ke ba ni haushi, duk ranar kasuwa a gindin katangar ƙaramin asibiti take baza tukwanenta. Tana ganin mata na shiga suna fita, ita a zatonta ƙofar masu awon ciki ce da matan ma'aikata. Ran nan malamar asibitin ta fito zaɓen tulu, sai mai tukwane ta ga in ta yi shiru yau ma ta cuci kanta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, wai akwai abin da mace za ta huta ba tare da ta rufe haihuwa ba?" Malamar ta ce, "Baiwar Allah, ai ɗakin da kike jingine da shi ke nan." Ta zaunar da ita ta yi mata bayanin allura da ƙwaya da na sawa a damtse, ta ce ta je su yi shawara da maigida. Ta je ta faɗa masa. Shi kuwa gogan naki sai ya yi ajiyar zuciya ya ce tun ranar jinin nan yake neman bakin da zai yi mata maganar, nauyi ya hana shi. Shi da kansa ya goyo ta a babur ya kawo ta asibitin, aka sa mata na damtse. Ta huta, jini ya dawo jikinta, yarinya ta yi kumatu. Sai da ta ji ƙarfinta ya cika ta koma da ƙafarta aka cire shi, ta samu ciki ta haihu lafiya, ta tashi ta ci gaba da gininta.

Wahalar da ta sha kuwa, da rai da ta kusa rasawa, katanga ɗaya ce tsakaninta da maganinsu. Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani, kaza ta kwana kan dami.