Oza Huɗu

Mai Kek ta ɗora kwanon fulawa a kan sikeli, ta ga sha bakwai da ɗigo shida a inda ya kamata ta ga ɗari biyar. Ranta ya ɓaci tun ba ta karya ba. An sake mayar mata da sikeli kan awon oza.

Ita da giram ta koyi sana'a, da giram take rufa wa kanta asiri. Maɓallin sauya awon kuwa ya tsufa, in ya tafi oza sai ya ga dama yake dawowa. Dole ta tsaya da waya a hannu tana raba kowane awo da ashirin da takwas, bota na narkewa, ƙwai na jira. A irin wannan lissafin gaggawa ta ninka hodar tashi a kek ɗin bikin 'yar babbar kwastomarta. Kek ya kumbura kamar zai taɓa rufin tanda, sannan ya zauna daɓas. Matar ta ce saura kuskure ɗaya ta nemi wata.

Neman mai laifi bai ba ta wahala ba. Ƙanwarta Auta, da ke zaune a wurinsu, kullum tana manne da bidiyon girki na mutanen da komai nasu kofi ne da oza.

"Yaya, wallahi ban taɓa miki sikeli ba."

"To aljani ne ke girki a gidan nan?"

Mijinta, wanda tela ne, yana gefe yana kurɓar shayinsa. Shi ma cike take da shi. Mutumin da a da yake suɗe kwanon kwaɓi kafin a wanke, yanzu ko yanka ta kai masa har baki sai ya ce ya ƙoshi. Ya daina sa sukari a shayi, wai tsada. Ya rage ƙugun wandunansa da kansa, wai yayi. Ita dai abu ɗaya ta fahimta: hannunta ya gundure shi.

Ta ɓoye sikelin can saman kabad, inda ita kanta sai da kujera take kaiwa. Ranar da kwastomar ta sake aiko da oda, ta sauko da shi, ta kunna. Oza. Har da ƙwayar dafaffiyar shinkafa manne a farantinsa.

Nan ta fashe. Ta goranta wa Auta ci da sha da kuɗin makaranta, ta kira ta maƙaryaciya mai hassadar sana'ar 'yar'uwarta, ta watso mata kaya tsakar falo. Auta ta ɗaga ido ta dubi mijin yayarta. Ya sunkuyar da kai. Ta tattara kayanta ta fita, ko sallama babu.

Mai Kek ta yi aikinta cikin huci, ta yi lissafin sau biyu, kek ya fito yadda ake so. Da rana ta ɗauka za ta kai, sai a bakin titi ta tuna ta bar kyandirorin da za a sa wa kek ɗin a kicin. Ta juyo tana tsaki.

Kujera na jikin kabad. Mijinta na tsaye a gaban sikeli, farantin shinkafa a kai, yana rage ta da cokali kaɗan-kaɗan, idonsa a kan lambobin. Ya ɗago, ya ajiye cokalin.

"Oza huɗu likitan ciwon sukari ya ce, Maman yara," in ji shi a hankali. "Na roƙi Auta kada ta gaya miki, don ita ta kai ni asibiti ranar da na faɗi."