Saƙo daga Ƙasar Ƙanƙara

Shabakar waya, wato sabis, ta dawo garin Gadarif da azahar, bayan kwana tara a ɗauke. Wata uwa ta ajiye faifan riɗin da take bakacewa, 'yarta ta buɗe saƙon da ya shigo.

Bidiyo ne daga ɗan matar, wanda ya bar su bayan gudowarsu daga Khartum, ya samu aiki a jirgin kamun kifi can ƙarshen arewacin duniya. Yana tsaye kan ƙanƙara, fari fat har iyakar gani. A bayansa wata ƙatuwar farar dabba da suke kira dubbu tana tafiya a hankali da 'ya'yanta biyu.

"Yumma, uwata, kada ki damu," in ji shi. "Na ma daina jin sanyin. Nan shiru ne, babu harbi."

Uwar ta yi dariya har da hawaye.

Kafin la'asar abokin aikinsa ya kira. Ya ce mako guda ke nan da ɗan nata ya zame ya faɗa teku, wayarsa a aljihu, kuma ba a ga gawarsa ba.

'Yar ta duba kwanan watan bidiyon. Jiya aka ɗauke shi.

"Sake kunna mini," in ji uwar.

Suka matso da fuskokinsu. Duk numfashin da dabbar ta yi, tururi na fita daga hancinta, haka ma 'ya'yanta. Shi kuwa yana magana, yana murmushi, amma ko alamar tururi babu a bakinsa.