Rage Kaya

A ƙololuwar hanyar da ta ratsa tsaunukan Kolorado wani mai keke ya tare mu da lacca, mu 'yan keke huɗu da muka tsaya shan iska. Wai har ƙotar buroshin haƙorinsa ya guntule don rage nauyi.

"Ɗaga kekena ka ji, kamar auduga. Wata biyu muna hanya, ban taɓa sauka na tura ba."

Can sai ga matarsa ta iso tana haki, leɓe duk ya tsage. Tanti, risho, tukunya, barguna da guzurin kwana huɗu, duk a kekenta.

"Matsalarki ke nan," in ji shi. "Ba ki iya rabuwa da abin da ba shi da amfani ba."

Ta kurɓi ruwa, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kwance bargonsa da rabin guzurin, ta jibge masa a gaba.

"Gaskiyarka, maigida. Yau na iya."

Ta hau ta gangara, ko waiwaye babu. Hadari na haɗowa, ya tsaya rungume da bargo yana kewaya kekensa. Babu wurin ɗaura komai, ya cire kariyar keken tun a gida.